Muryar Taro da Siririyar Murya: Da Wane Mudu Muke Auna Su?



Da wuya mu karanta labari biyar na sababbin marubuta ba mu ci karo da wannan jimla ba: "Muryarta kamar sarewa." Wani ya ce ta fi zuma zaƙi, wani ya ce har tsuntsaye sai da suka yi shiru. Shi ke nan, an gama siffanta waƙa. Idan kuwa taron jama'a ne ke yin bege, sai a rubuta "wuri ya ɗauki sauti" a wuce gaba. Mu ma da muke wannan magana mun sha rubuta haka, don haka ba gori muke yi wa kowa ba.

Abin da ya tayar mana da zancen wata gardama ce da muka tarar a Anka cikin watan Maulidi. Bayan sallar isha'i, wasu dattawa sun zauna a wani zaure suna karatun Ishiriniya, ɗaya yana ja, saura suna karɓa, ga yara uku ko huɗu sun raɓe a bakin ƙofa suna bi. A tsallaken titi kuma akwai shagon cajin waya, mai shagon ya ƙure lasifika da wata waƙar bege ta situdiyo, wadda wata baiwar Allah ke rerawa da murya siririya kamar zaren lilo. Samari biyu da ke zaune a kan benci suka kama musu. Ɗaya ya ce tsofaffin nan gurnani kawai suke yi, ba ka jin komai. Ɗayan ya ce ita kuma wannan ba muryar mutum ba ce, na'ura ce ke kuka. Dukkan sautukan biyu yabon Annabi ne, Sallallahu Alaihi Wasallama, kuma dukkan samarin biyu da mudu ɗaya suke awo: wace murya ce ta hau sama, wace ce ta tsaya ƙasa.

Mu a ganinmu wannan mudu bai cika ba. Tambayar da ta kamaci marubuci ita ce: bayan murya ta gama hawa da sauka, kalmar da aka ɗora mata ta iso kunne da ranta ko ta mutu a hanya?

Mu fara da zauren dattawan. Ishiriniya aikin Alfazazi ne, malamin Andalus da ya rasu a 1230, wato shekara ta 627 bayan hijira. Ya bi haruffan Larabci ɗaya bayan ɗaya, kowane harafi ya ba shi baiti ashirin, daga nan sunan ya samo asali. Wadda muke karantawa a ƙasar Hausa ita ce mai tahamisin Ibn Mahib, wanda ya mayar da kowane baiti ɗango biyar. Tana kan bahrin ɗawili, mai dogon numfashi. Mutum ɗaya in ya ce zai ja harafi guda shi kaɗai da rerawa, kafin ya kai rabi maƙogwaro ya bushe. Taro kuwa ba ya gajiya ta wannan hanya, domin ba lokaci ɗaya kowa ke shaƙar iska ba. Wannan ya tsaya ya numfasa, na kusa da shi ya riƙe masa ɗangon, sai ka ji sautin yana tafiya ba yankewa kamar Gulbin Zamfara da damina. Mai kaushin murya ya ba da gindi, mai matsakaiciya ya riƙe kalmomin, yaran bakin ƙofa kuma su hau can sama ba tare da wani ya umarce su ba, don nan ne muryarsu take zaune.

Ku lura da yaran nan da kyau, don a kansu maganarmu take. Siririyar murya ba baƙuwa ba ce a waƙarmu ta addini, ko ta fada, ko ta dandali. Tana nan tun fil azal, sai dai a cikin taro take zaune, kamar gishiri a miya. Guɗa ita ce mafi kaifin sautin da maƙogwaron Bahaushiya ke fitarwa, amma ba a taɓa zama a ce yau guɗa za a saurara daga farko har ƙarshe ba. Tana tsaga kiɗa ne ta wuce, ta bar tsikar jiki a tashe. Zabiya tana da 'yan amshinta. 'Yan matan gaɗa suna da mai bayarwa da masu karɓa. Har a kiɗan fada na nan Zamfara haka abin yake. Ana ba da labari cewa Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya samo laƙabinsa ne tun yana yaro cikin 'yan amshin mahaifinsa, saboda zaƙin muryarsa ya yi kama da na wani mai suna Ƙwairo. Wato a cikin amshi aka gane shi, ba a wajensa ba.

To me ya sauya? Situdiyo ta ciro wannan murya daga cikin taro ta tsayar da ita ita kaɗai. Kunnenmu ya daɗe da sabawa da waƙoƙin finafinan Indiya, musamman muryar Lata Mangeshkar, wadda ta rasu a 2022 bayan ta shafe fiye da shekara saba'in tana rerawa. Da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano a shekarun 1990, sai aka ɗauki wannan tsari na namiji da mace suna musayar baiti a kan fiyano. Su ma masu bege ba a bar su a baya ba. A Kano har an yi ƙungiya mai suna Ushaƙu Indiya, masu ɗora yabon Manzo a kan karin waƙoƙin Indiya. Daga baya manhajar Auto-Tune, wadda ta fito a 1997, ta shigo ta zama kamar magi a kowace tukunya. An ƙirƙire ta ne don gyara ɗan kuskuren mawaƙi, mu kuwa muka ƙure ta har murya ta koma kamar ƙarfe. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: sau da yawa a kan muryar namiji ake saita kiɗan, ita macen sai dai ta bi shi daga bene na sama, ko wurin ya yi mata daɗi ko bai yi ba. Kafin mu zargi mawaƙiya da tsiwar murya, mu tambayi wanda ya zauna a gaban kwamfuta.

Hawan nan yana da farashi, kuma harshenmu ne ke biya. Namiji baligi in yana magana, tantanin maƙogwaronsa yana kaɗawa sau ɗari da 'yan kai a daƙiƙa ɗaya. Na mace kimanin sau 200 ko sama da haka kaɗan. Mawaƙiyar da Turawa ke kira sofarano, in ta kai ƙololuwar da ake yi mata tafi, tana wuce sau 1,000. A irin wannan tsayi dole baki ya wangame, kuma da zarar ya wangame sai wasula su fara narkewa cikin juna, "i" da "u" da "e" duk su karkata zuwa "a". Wannan ba kasawar mawaƙiya ba ce, haka Allah Ya gina bakin ɗan Adam. Shi ya sa a wasan waƙe na Mozart na 1791, inda wata sarauniyar dare ke hawa har kusan sau 1,400 a daƙiƙa, a daidai wurin hawan ba kalma take furtawa ba, wasali ɗaya take ja tana sassara shi.

Hausa ba ta yafe irin wannan da sauƙi. Harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Kukan jariri daban, kukar miya daban, karin sauti ne kawai ya raba su. Garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo, tsawon wasali ne tsakaninsu. Wuyan riga da wuyar rayuwa kuwa karin sauti ne ya raba su, ga kuma garin Wuya a ƙasar Anka ya zama na uku a kan takarda. Gwanayen mawaƙanmu na baka sun san wannan ba tare da sun shiga aji ba. Saurari Narambaɗa, za ka ji raujinsa yana bin hawa da saukar maganar Hausa, ba ya murɗe mata wuya. Amma in aka ɗauko kari daga Mumbai, aka cusa masa kalmomin Hausa, sannan aka ɗaga shi sama aka matse da na'ura, kalmar ta sha duka sau uku. Sai ka ga yarinya ta haddace waƙa tsaf, ka tambaye ta me baitin ke cewa ta yi dariya ta ce ita dai daɗin take ji. A waƙar soyayya wannan asara ce ƙarama. A waƙar da ake ambaton Allah da Manzonsa, asarar ta fi haka.

Turawa ma sun yi irin gardamar samarin Anka, kuma labarinta yana da ban dariya. Akwai wata waƙar coci mai suna Miserere, wadda Gregorio Allegri ya tsara a birnin Rum a shekarun 1630 a kan Zabura ta 51, addu'ar neman gafara. Rukuni biyu ne ke yin ta suna karɓa wa juna, ɗaya mai murya biyar, ɗaya mai murya huɗu. Ta yi suna har ana cewa Mozart ya saurare ta a 1770 yana ɗan shekara 14, ya koma masauki ya rubuta ta da ka. A yau duk wanda ya je sauraronta wuri ɗaya yake jira: inda murya ɗaya tilo ke ɓallewa daga taron ta cilla sama. Faifan da mawaƙan King's College na Kambirij suka yi a 1963, inda wani yaro Roy Goodman ya yi wannan hawa, shi ya ƙara watsa ta a duniya. To ashe wannan hawan da ake kuka a kansa ba ya cikin abin da Allegri ya rubuta. Kuskuren kwafi ne da ya shiga wani ƙamus na kiɗa a 1880, inda aka ɗora wani yanki a matakin da ya fi nasa tsayi, masu buga littafi suka gada, kunne ya saba. Ga addu'ar tuba mai baiti kusan ashirin, amma jama'a sun zo jin daƙiƙa biyar na kuskuren magatakarda. Duk da haka, mu yi adalci: hawan yana ratsa jiki ne saboda taron da ke ƙarƙashinsa ya daɗe yana shimfiɗa masa tabarma. Cire shi ka saurare shi shi kaɗai, ƙara ce kawai.

Kada wani ya ɗauka mun zo wanke taro ne tas. Taro ma yana kashe kalma, ta tasa hanyar. Cikin mutum goma sha biyu, mai yiwuwa huɗu ne suka san abin da suke faɗa, saura suna bin iska. A cikin taro ne kuskuren Larabci ke ɓuya shekara talatin ba wanda ya kama shi, har jika ya gada daga kaka. Baƙaƙe suna dushewa in ba a furta su lokaci ɗaya ba, sai ka ji wasula kaɗai suna yawo, abin da saurayin nan ya kira gurnani ke nan, kuma bai yi ƙarya duka ba. Sannan ga lasifikar ƙarfe da muke ɗaurawa a kan sanda, wadda ke ɗaukar muryar wanda ya fi kusa da makirufo ta watsar da sauran, ta mayar da taro mutum ɗaya mai ihu. Mun halarci walimar saukar karatu inda ɗaliban Islamiyya suka yi wata guda suna gwajin waƙa, ranar taro injin wuta da lasifika suka haɗu suka cinye ta. Iyaye sun tafa, amma babu wanda ya ji kalma ɗaya.

Haka nan siririyar murya tana da abin da taro ba zai taɓa bayarwa ba. Taro ba ya raɗa. Ba ya iya karyewa a tsakiyar kalma kamar wanda kuka ya ci ƙarfinsa. Begen mutum ɗaya, kewar Madina da ke damun zuciya ɗaya, murya ɗaya ce ke iya ɗaukarta. Fati Nijar da Maryam A. Baba da takwarorinsu ba da na'ura kaɗai suka yi suna ba. Akwai iya numfashi da iya furuci da ba a saya a kasuwa. Abin da muke ƙi shi ne a mayar da tsayi shi ne gwaninta. Ummu Kulsum ta Masar, wadda ta rasu a 1975, ta fara ne da waƙoƙin Maulidi a ƙauyuka tare da mahaifinta limami, kuma muryarta mai kauri ce, ba siririya ba. Da ta rera Nahjul Burda ta Ahmad Shauƙi, abin da Larabawa suka riƙa yabo shi ne ba harafin da ya faɗi ƙasa. A nan gida, Hajiya Barmani Coge ta Funtuwa ba ta taɓa neman ƙololuwa ba, amma ko daga bayan katanga ka ji ta ka san me ta ce, ka kuma san da wa take.

Mun san akwai mai jira mu taɓo hukuncin muryar mace da na bege baki ɗaya. Wannan fagen malamai ne, kuma yankinmu ya san saɓanin da kyau: Gummi ce mahaifar Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya yi suka mai ƙarfi ga ayyukan ɗariƙu har ya rasu a 1992, kuma a wannan yanki dai ake zaman wazifa da zikirin Juma'a har gobe. Abin da ya shafi marubuci shi ne ya san gardamar ta girme shi. Tun lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, wani malami Mustafa Gwani ya soki halartar mata majalisinsa da baitoci, Abdullahi ɗan Fodiyo ya mayar masa da amsa da baitoci. Daga baya Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke jagorantar mata daga ƙauyuka su zo su koyi waƙoƙinta su koma su koyar. Da rerawa a taro ilmin ya yi tafiya, kuma an tsara baitocin ne don a fahimce su, ba don a yi mamakin maƙogwaro ba. Idan za ka saka wannan saɓani a labarinka, ka ba kowane ɓangare bakin mutum mai hankali.

Dalilin da ya sa muke ganin maganar ba ta jira ba shi ne halin da ƙauyukanmu ke ciki. Bayan hare-haren watan Janairun 2022 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da waɗanda suka gabace su da waɗanda suka biyo baya, mutane da yawa sun bar gidajensu sun koma cikin gari. Inda ba a tashi ba ma, zaman dare ya zama abin shawara. Waƙar situdiyo ba ruwanta da wannan. Tana cikin memori, tana shiga aljihu ta yi gudun hijira tare da mai ita. Muryar taro kuwa ba ta shiga aljihu. Sai an sami zaure, da fitila, da mutum goma da suka san numfashin juna. Littafin Ishiriniya da na Burda suna nan a kasuwa, ba za su ɓace ba, amma karin da ake rera su da shi ba a rubuce yake ba. Wani zaure yana jan ƙarshen ɗango, wani yana datse shi; wani yana saurin tafiya, wani yana rangaji. In mutum goman nan suka watse, biyu a Anka, uku a Gusau, ɗaya a kabari, wannan kari ya tafi, kuma abin da zai maye gurbinsa a daren Maulidi shi ne lasifikar mai cajin waya.

Kalmomin aikin ma muna da su, ba sai mun ara ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara da yawa a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993: jagora da 'yan amshi, gindin waƙa da ɗiyanta, rauji, ƙari, rakiya, karɓeɓeniya. Marubucin da ya san bambancin 'yan amshin da ke raka jagora da waɗanda ke ƙarasa masa magana ba zai sake rubuta "wuri ya ɗauki sauti" ba. Zai gaya mana wa ya ja, wa ya makara da karɓa, a wane ɗango muryar tsoho ta rawa, yaushe yaron bakin ƙofa ya hau sama har kakansa ya waiwayo.

Masu rubuta baitoci don a rera, ku kuma nauyinku ya fi. In kun san mawaƙiya za ta hau a ƙarshen ɗango, kada ku ajiye kalmar da ke ɗauke da ma'anar baitin a can. Ku sa ta a tsakiya inda murya ke zaune daram, ku bar wa ƙololuwa dogon wasali buɗaɗɗe wanda ba abin da zai rasa. In taro ne zai yi amshi, ku rage cunkoson baƙaƙe masu ƙugiya a jere, don baki ashirin ba sa furta "ƙ" da "ɗ" a lokaci ɗaya sai da horo. Kuma kafin ku kai situdiyo, ku ba yara biyar su rera a tsakar gida, ku koma bayan ƙofa ku saurara, ku rubuta abin da kuka ji, ku gwada da abin da kuka rubuta tun farko.

Wanda ke Gummi ko Daki Takwas, ko Nasarawar Burkullu, ko Bagega, in hanya ta yi kyau kuma Allah Ya kai mu watan Maulidi, ya nemi izinin dattawan zaurensu ya ɗauki harafi ɗaya a waya, daga farko har ƙarshe, ba tare da lasifika ba. Ya ajiye wayar a tsakiyar tabarma, ba a gaban mai ja ba. Sannan ya rubuto mana shafi ɗaya a kan abin da ya ji, da sharaɗin kada kalmar sarewa ko zuma ta fito a ciki.